Ruwa a Cikin Baƙin Mai: Yadda Kanikawan Jiragen Gudu Suka Daina Saurin Kwance Inji

A jihar Missouri ta Amurka akwai wani babban tafki da ake kira Lake of the Ozarks. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu jiragen ruwa na gudu suke haɗuwa a kansa a ƙarshen watan Agusta don a ga na wa ya fi sauri, kuma a shekarun nan wanda ya zo na ɗaya yakan haura mil 200 a awa, wato sama da kilomita 320, a kan ruwa. Sai dai kanikawan da ke da gareji a bakin tafkin ba a watan Agusta suke ganin ta kansu ba. Wayarsu ta fi ƙara a Afrilu da Mayu, lokacin da sanyi ya janye, mai jirgi ya yaye tamfol, ya tayar da inji ya ɗan zaga, sannan ya zaro sandar awon mai ya tarar baƙin man da ya zuba garau a bara ya koma launin shayi mai madara.

Shekaru arba'in da suka wuce, hukuncin da za a yanke a nan guda ɗaya ne: gasket ya ƙone. A ɗaga murfin ɗakin inji, a kwance kan silinda biyu, a kai su a goge, a sa sabon gasket, a ɗaure. Bakanike a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ma abin da zai faɗa ke nan idan aka kawo masa mota a wannan hali, kuma a mota yawanci yana da gaskiya. A jirgin gudu kuwa, sau da yawa bayan an biya kuɗin aiki an koma ruwa, mako bai zagayo ba madarar ta dawo. Abin da ya sauya daga wancan lokaci zuwa yau shi ne kanikawan sun gano cewa injin jirgi yana da ƙofofin shigar ruwa da injin mota bai san da su ba, har da waɗanda ruwan ke bi alhali babu abin da ya fashe ko ya ƙone.

Asalin matsalar yana cikin yadda aka haifi waɗannan jirage. A baje kolin jiragen ruwa na birnin New York a 1959, kamfanin Volvo Penta na Suwidin ya nuna wani sabon tsari mai suna Aquamatic: inji yana zaune a cikin jirgi, ƙafar da ke ɗauke da farfela tana waje tana juyawa hagu da dama. Jim Wynne ne ya yi rajistar fasahar, ko da yake daga baya ta bayyana cewa tunanin na Charlie Strang ne, wanda a lokacin babban ma'aikaci ne a wurin Carl Kiekhaefer, mai kamfanin Mercury. A 1961 Mercury ta fito da nata, MerCruiser. Injinan da aka ɗora a gaban waɗannan ƙafafu ba don ruwa aka ƙera su ba. Injinan mota ne, yawancinsu daga Detroit, aka yi musu kwaskwarima aka jefa su cikin jirgi.

A daidai wannan lokaci kuma gudu ya zama sana'a. A 1960 wani jirgi mai suna Moppie, wanda Ray Hunt ya zana wa Dick Bertram da ƙasa mai zurfin kusurwa, ya lashe tseren Miami zuwa Nassau cikin awa 8 a ranar da teku ke hauka, ya nuna cewa ana iya keta igiyar ruwa ba tare da sassauta totur ba. Don Aronow ya biyo baya da kamfanoninsa bi da bi a titi na 188 da ke arewacin Miami: Formula, Donzi, Magnum, sannan Cigarette, sunan da har yau ake kiran duk wani dogon siririn jirgin gudu da shi. A kan wannan titi aka harbe shi ranar 3 ga Fabrairu 1987. Zuwa lokacin, injin Chevrolet mai lamba 454, mai lita 7.4, wanda ya fito a 1970, ya zama zuciyar kusan kowane jirgin gudu a Amurka, kafin babban ɗan'uwansa 502 mai lita 8.2 ya iso.

Mota tana da lagireto. Ruwan da ke sanyaya injinta 'yan litoci ne a rufe, suna zagayawa suna dawowa, kuma idan sun ragu direba zai gani. Tsohon injin jirgi ba shi da lagireto, tafkin ko tekun da yake kai shi ne lagiretonsa. Famfo yana zuƙo ruwa daga ƙarƙashin jirgi, ya tura shi ta cikin na'urar sanyaya mai, ya ratsa gangar inji da kan silinda, ya shiga rigar da ke lulluɓe da manifol na salansa, daga ƙarshe a zubar da shi cikin bututun hayaƙi su fita tare. Saboda haka ruwan ba ya ƙarewa balle raguwarsa ta tona asirin yoyo. Rami komai ƙanƙantarsa yana da tafki guda a bayansa.

Me ya sa ake haɗa ruwa da hayaƙi tun farko? Domin injin yana cikin rufaffen ɗaki, kewaye da bangon roba da katako, ga tankin fetur kusa. Manifol ɗin da ba ruwa a jikinsa yakan yi jajur idan an taka inji, kuma a cikin jirgi wannan gobara ce. Don haka aka yi masa bango biyu, hayaƙi a ciki, ruwa a tsakani. A samansa akwai wata gwiwa ta ƙarfe da ke ɗaga hayaƙin sama kafin ta sauke shi, kuma a ƙarshen gwiwar ne ruwa da hayaƙi ke gamuwa. A tsohon tsari, wurin da gwiwa ta zauna a kan manifol gasket guda ne ke raba hanyar ruwa da ta hayaƙi, kuma tazarar da ke tsakaninsu 'yan milimita ce ta ƙarfen zubi. Ruwan gishiri yana cin wannan tazara daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. A waje fenti yana ƙyalli. Shi ya sa kanikawan Florida suke gaya wa masu jirgi su duba gwiwoyin nan ko su sauya su duk bayan shekara 3 zuwa 5, ko da ba su nuna komai ba.

Idan gwiwa ta fara yoyo, ba a lokacin gudu take ɓarna ba, don ƙarfin hayaƙi yana kore ruwan waje. Sai an kashe inji. Ruwan da ya rage a sama ya riƙa ɗiga cikin manifol, ya gangara zuwa duk silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe, ya kwanta a kan fistin, ya sulale ta gefen ringi cikin dare har ya isa kwanon mai. Idan ya yi yawa, da safe ana murɗa makulli inji ya cije, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma wani lokaci hannun fistin ne ke lanƙwashewa. Kanikawan da suka kwance kan silinda a irin wannan hali sun sha samun gasket lafiya lau, su sa sabo duk da haka, su mayar da tsohuwar gwiwar a kai. Ana zaton wuta a maƙera, ita kuwa tana masaƙa.

Amma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai a shekarun 1980 da 1990 wani ne daban, kuma masu jiragen ne suka jawo wa kansu da kuɗinsu.

Wanda ya sayi jirgi mai gudun mil 65 a awa, kafin shekara ta ƙare yana son 70. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda masu tseren mota suka saba: a sauya kamshaf da wanda ke buɗe bawul sosai, ya kuma daɗe bai rufe ba. A irin wannan kamshaf akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shigar iska ya riga ya buɗe, na fitar hayaƙi kuma bai gama rufewa ba. Idan inji yana gudu da ƙarfi, wannan haɗuwa alheri ce, don hayaƙin da ke fita da sauri yana janyo sabuwar iska a bayansa. A silo kuwa labarin ya juya. Hayaƙi ba shi da ƙarfi, fistin ya fara sauka, sai ya zuƙo numfashi ta bawul ɗin salansa. A mota abin da zai zuƙo hayaƙi ne kawai, shi ya sa motar tsere ke yin wannan gurnani mai tsalle-tsalle da samari ke so. A jirgi, 'yan inci kaɗan daga bawul ɗin akwai feshin ruwa. Kowane bugu yana jawo feshin baya kaɗan, yana hawa bangon bututu, har ya tsallake gwiwa ya faɗa silinda.

Ga inji sabo fil, gasket sabo, manifol sabo, an gwada komai da iska babu yoyo ko ɗaya, amma bayan minti ashirin ana tafiyar silo daga mashaya zuwa buɗaɗɗen ruwa, mai ya yi fari. Mai jirgi ya zargi wanda ya haɗa injin, wanda ya haɗa injin ya zargi mai sayar da salansa. An ɗauki shekaru ana wannan jifa da laifi kafin abin ya zama sanannen ilimi a garejin talaka. Yau duk wanda ke haɗa injin jirgi zai fara tambayar wace irin salansa za a sa kafin ya zaɓi kamshaf. Galibi sukan nemi wanda tazarar ƙusoshinsa ta kai digiri 112 zuwa 114, maimakon 106 zuwa 110 da ake so a motar tsere. Sukan ɗaga silo kaɗan, su sa doguwar gwiwa, ko su matsar da wurin haɗuwar ruwa da hayaƙi can kusa da bayan jirgi. Masu manyan injina sukan raba su gaba ɗaya, hayaƙi ya fita a bushe, ruwa ya bi nasa bututun, su haƙura da ƙarar da ke sa maƙwabta kiran hukuma.

Gwajin wannan cuta ma ba ya buƙatar na'ura. A bar inji a silo na ɗan lokaci, a kashe shi ba tare da an ba shi wuta ba, a cire gwiwa nan take a haska tocila cikin manifol. Wurin da ya kamata ya zama baƙi ƙirin da busasshen toka, idan aka ga raɓa a kwance ko jan zanen tsatsa yana gangarowa zuwa bakin bawul, magana ta ƙare.

Ƙofa ta gaba ta fi wannan ban haushi, don ruwan ba daga tafki yake zuwa ba. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da kusan litar ruwa guda a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan yana tsallake ringi ya sauka ƙasa. Idan mai ya yi zafi sosai, ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Selshiyas, tururin ba ya zama, yana fita ta bututun numfashin inji. Injin mota yana aiki a wajen digiri 90, don haka abin ba ya damunsa. Injin jirgi mai shan ruwan teku kai tsaye kuwa da gangan ake riƙe shi tsakanin 60 da 70, saboda idan ya wuce haka gishiri yana daskarewa ya toshe hanyoyin ruwa. Sai masu neman gudu suka ƙara gishiri a miya: suka cire tamostat gaba ɗaya bisa imanin cewa inji mai sanyi ya fi ƙarfi, suka ɗora ƙatuwar na'urar sanyaya mai da aka yi don mai tsere na awa guda totur a ƙasa. A tafki mai sanyi a watan Afrilu, wanda ke yawon shaƙatawa da irin wannan inji mansa ba zai taɓa ɗumi ba. Ruwan da injin ya haifa da kansa sai ya taru, ya yi farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai. An kwance injina masu yawa a kan wannan kumfa, alhali maganinsa tamostat na mai ne da tafiyar rabin awa da ɗan ƙarfi.

Gudu kansa ma yana da nasa. Jirgi mai mil 90 a awa yana cusa ruwa cikin bututun shiga da ƙarfin da famfo bai nema ba, matsin da ke cikin gangar inji ya haura abin da gasket na manifol ɗin shigar iska zai iya ɗauka, ruwa ya ɓalle kai tsaye zuwa tsakiyar inji. Daga nan gejin matsin ruwa ya samu wuri a gaban direba, aka kuma fara sa bawul mai zubar da rara idan matsi ya kai wajen 25 zuwa 30 a irin gejin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Akwai kuma direban da ke sakin totur farat ɗaya, igiyar da ya tayar ta biyo shi ta daki bayan jirgi ta hau bututun hayaƙi. Ƙananan marufan roba da ke kan bakin salansa don wannan aka yi su, kuma sukan ƙone ba a sani ba. Tsofaffin injina masu kafireto kuma, idan an kashe su da zafi, wani lokaci sukan ci gaba da tari har su juya baya sau ɗaya ko biyu, kuma injin da ya juya baya salansarsa ta zama bakin shan ruwa.

Madarar watan Afrilu kuwa yawanci sanyi ne ubanta. Ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfen zubi ba ya miƙewa. Wanda ya ajiye jirgi a watan Nuwamba bai buɗe matosan zubar da ruwa ba, ko ya buɗe amma tsatsa da yashi sun toshe ramin bai zura waya ya tsokale ba, zai iya samun gangar inji ta tsage. Idan ta tsage a waje ya yi sa'a, zai ga ruwa a ƙasan jirgi. Idan ta tsage a ciki, sai mai ya faɗa masa. Sanyin da ya afka wa jihar Texas a Fabrairun 2021 ya samu mutanen da ba su saba da wannan hidima ba, kuma injinan jirage da dama sun tafi a wannan mako.

Da zarar an san ƙofofin sun kai haka yawa, sai aikin bakanike ya sauya fasali. Ƙwararren yau ba ya taɓa sifana sai ya gama tambaya. Yaushe aka fara gani? Bayan doguwar tafiyar silo, ko bayan gudu? A ina jirgin ya yi hunturu, wa ya zubar masa da ruwa? An sauya kamshaf ko salansa kwanan nan? Sannan ya dubi yawan man. Idan farin yana ƙarƙashin murfi kawai, na cikin kwano garau, kuma bai ƙaru a sanda ba, tururi ne. Idan mai ya hau sanda da lita guda cikin awa ɗaya, wannan ba tururi ba ne, ba kuma feshin salansa ba ne. Rami ne babba, a ganga, ko a manifol ɗin shigar iska, ko a na'urar sanyaya mai.

Daga nan ya cire fulogi takwas ya jera su a kan tsumma bisa lambarsu. Wannan jeri yana magana. Fulogi mai launin ƙasa-ƙasa lafiya yake. Wanda ya fito da ɗigon ruwa ko jan tsatsa a bakinsa ya nuna silindar da ake nema, wanda kuma ya fito fes fiye da 'yan'uwansa tururi ne ya wanke shi. Idan jiƙaƙƙun duk a gefe ɗaya suke, musamman na tsakiya da ke ƙarƙashin gwiwa, ido ya koma kan salansar wannan gefe. Idan silinda biyu maƙwabtan juna suka gaza a awon matsi, to a nan ne gasket ya cancanci zargin da aka daɗe ana ɗora masa. Bayan haka a toshe tiyo-tiyon ruwa, a hura wa ganga iska har geji ya nuna 15, a zauna a zuba wa allura ido. In tana sauka, a kara kunne a bakin bututun sandar mai, sau da yawa ana jin tsakin iskar. Manifol kuma a cire shi a cika rigarsa da asiton, wanda ya fi ruwa sirantaka, yana bin tsagar da ruwa mai sanyi zai tsallake.

Na'urar sanyaya mai tana da wata dabara da ke ruɗa sabon shiga. Lokacin da inji ke aiki matsin mai ya fi na ruwa, don haka idan ta huje mai ne ke fita, a ga ƙyallinsa a kan ruwa a bayan jirgi. Ana kashe inji matsin mai ya faɗi ƙasa, ruwan da ke tsaye a ciki ya samu hanya. Gwada ta aikin minti goma ne a cikin bokiti, kuma kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da kwance inji, amma a da ita ce ta ƙarshe da ake tunawa.

Ba a nan dabarar ta ƙare ba, don akwai tsagar da ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi, ta ci jarrabawar iska da safe ta zubar da ruwa da rana. A irin wannan ne kwalbar gwaji ta shigo.

Tura mai ɗakin bincike ba masu jiragen ruwa suka fara shi ba. Kamfanin jirgin ƙasa na Denver and Rio Grande Western ne ya soma a 1946 don gano ciwon injinansa na dizal, rundunar sojan ruwan Amurka ta ɗauka a shekarun 1950 don jiragenta na sama. Hanyar auna ruwa daidai wa daida kuwa ta girme su duka, masanin sinadarai Bajamushe Karl Fischer ne ya wallafa ta a 1935. Abin da ya sauya shi ne farashi da nisa. Ɗakunan gwaji irin su Blackstone da ke Fort Wayne a jihar Indiana, wanda aka kafa a 1985, sun mayar da abin ya zama na kowa: a cika 'yar kwalba, a jefa a gidan waya, sakamako ya zo ta imel. Takardar tana faɗin abin da ido ba ya gani. Sodiyam da maganiziyam masu yawa suna nuna ruwan teku. Fotasiyam tare da sodiyam yana nuna ruwan sanyaya inji na kwalba. Tagulla da darma suna cewa mitil ya fara ciwo. Ko da zafi ya ƙafar da ruwan kafin a ɗebi samfur, gishirin yana nan bai tafi ba. Wasu tsofaffin kanikawa da harshe suke wannan bincike, su ɗanɗana ɗigon da ya fara fitowa su ji gishiri ne ko zaƙi, abin da ba a ba kowa shawara ba tunda mai zaƙin guba ne. Gwajin da ya rage daga zamaninsu wanda har masana ke girmamawa shi ne na faranti mai zafi: a ɗiga mai a kan ƙarfen da ya kai wajen digiri 160, in ya yi tartsatsi akwai ruwa, kuma yana kama ruwan da bai fi kashi 1 cikin 1,000 ba, tun mai bai sauya launi ba.

Kamfanoni ma sun koyi darasi, ko da yake a hankali. A farkon shekarun 1990 injekta ta fara korar kafireto daga injinan MerCruiser, silo ya daidaita, tarin bayan kashewa ya ɓace. A 2001 injin 496 mai lita 8.1 ya zo da rufaffen tsarin sanyaya daga masana'anta: ruwan kwalba yana zagaya ganga, ruwan tafki yana tsayawa a wata na'urar musayar zafi. A farkon shekarun 2000 aka sake fasalin mahaɗar gwiwa da manifol, aka fitar da hanyar ruwa gefe, ta yadda ko gasket ya mutu ruwan waje zai zuba. Dokar hayaƙi ta ƙarasa aikin ba da niyya ba. Jihar Kalifoniya daga 2008, sauran Amurka daga 2010, sun tilasta sa matatar hayaƙi a injinan da ba su haura ƙarfin doki 500 ba, kuma sensar da ke tafiya da matatar ba ta jure ko feshi, don haka dole injiniyoyi suka tsare cikin salansa a bushe. A 2010 ɗin ne kuma sashen tsere na Mercury da ke Fond du Lac a jihar Wisconsin ya fito da inji mai lita 9 da turbo biyu da ƙarfin doki 1,350, wanda tun daga zane don ruwa aka yi shi, ba aron Detroit ba ne.

Allon da ke gaban direban yau yana nuna zafin mai, matsin ruwa, zafin salansa ta kowane gefe, har ya rage wa inji ƙarfi da kansa idan wani abu ya kauce. Duk da haka galibin waɗannan injina ba su da sensar da za ta ce ruwa ya shiga baƙin mai. Wannan har yanzu aikin hannu da ido ne, kuma a nan sabbin masu jirgi, waɗanda suka saba jiran ƙararrawa, sun fi iyayensu sakaci.

Babban juyin kuwa ya zo ta inda tsofaffin titi na 188 ba su zata ba. Injin rataye, wanda a da ake yi wa kallon na masunta, ya girma. Mercury Racing ta fitar da mai ƙarfin doki 400 a 2015, mai 450 a 2019, sannan a 2021 Mercury ta kawo mai silinda 12 da ƙarfin doki 600. Jiragen gudu da yawa yanzu huɗu ko biyar ake jera musu a baya. Injin rataye yana zubar da ruwansa da kansa idan aka tsayar da shi, don haka tsagewar hunturu ta ragu ƙwarai, kuma ba shi da gwiwar ƙarfen zubi. Bai tsira gaba ɗaya ba: wanda ake yawan ja a silo cikin ruwa mai sanyi mansa yakan ƙaru da fetur da tururi. Masu jiragen fito a Yawuri da Baga, waɗanda yawanci injinansu na gauraya mai da fetur ne, ba su da kwanon mai balle ya yi fari, amma sun san wannan launi a man giyar ƙafa, idan zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa.

Abu ɗaya da bai sauya ba tun zamanin Aronow shi ne gaggawa bayan an gano. Ruwa, musamman na gishiri, ba ya jiran Litinin. A zuƙe man ta bututun sanda, tunda a yawancin jirage hannu ba ya kaiwa matoshin ƙasa, a sauya filta, a zuba mai arha, a ɗumama inji, a sake zubarwa, sau uku ko huɗu har ya fito garau. Injin da aka bari da madara mako biyu, ko an toshe ramin, tsatsa ta riga ta zauna a kan kamshaf da bangon silinda.

Sabbin jiragen sun fi ƙarfin aljihun yawancin masu sha'awa, don haka dubban jiragen shekarun 1980 da 1990 masu 454 da 502 suna nan suna sauya hannu, da tsofaffin gwiwoyinsu da kamshaf ɗin da wani ya sa shekaru ashirin baya bai rubuta ko'ina ba. Ilimin da aka tara da tsada yanzu ga masu sayen waɗannan ya fi amfani. Gwajin kwalba bai kai dala 50 ba, sake gina inji kuwa dubbai ne. Mai saye ya tambayi shekarar da aka sauya gwiwoyi, ya nemi takarda. Idan mai sayarwa ya ce jiya-jiya ya zuba sabon mai, kada a ɗebi samfur a tsaye. A fita da jirgin awa guda, rabi a silo rabi a guje, sannan a cika kwalbar.